Labulen Da Ba A Yi Wa Sallama

Duk ranar Asabar, a ɗakin da nake koyar da yara kiɗa a Manassas, sai an sami wanda zai zuba min ido ina jan baka, ya ce, "Anti Furera, it looks easy." Iyayensu Hausawa ne, su ma yaran suna jin Hausar sarai, amsawar ce sai da Turanci. Ba na musu da kowa. Sai in miƙa wa mai maganar gogen in ce bismilla. Ƙarar da ke fita a jan farko, in kun taɓa jin kukan ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, to ita ce. Daga nan kowa ya nutsu, ni kuma in sami bakin magana. Abin da nake gaya musu gutsure-gutsure ne na ce bari in haɗa wuri ɗaya, tunda furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Turawa bayolin suke ce masa. Ni goge nake cewa, don da wannan sunan Baba ya kira shi ranar da na fara shigowa da shi gida, kuma ba da fara'a ya faɗa ba. Ina shekara goma sha ɗaya muka baro Zariya muka tare a Landover, kusa da birnin Washington, a wani gida hawa na uku da sai ka ratsa ƙamshin girkin ƙasashe biyar kafin ka kai ƙofarka. A makarantar da aka sa ni aka ce kowane yaro ya zaɓi abin kiɗa. Turancin malamar ya fi ƙarfin kunnena a lokacin, sai na nuna akwatin da ya fi kusa da ƙofa don in samu in fita. Sana'ar da nake ci da ita yau, haka aka zaɓe ta.

Baba injiniya ne na iskar gini, wato sanyi da ɗumi da bututun da ke raba su ɗaki-ɗaki, kuma ya yi shekaru yana wannan aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati na unguwar Southwest a Washington. Ya dubi akwatin, ya dubi Umma, ya ce, "Ashe teku muka tsallako don 'yata ta zama mai goge." Umma ta ce darasin makaranta ne, zai wuce. Bai wuce ba. Sai ya kafa doka: ɗakin ƙurya, ƙofa a rufe, shi ba ya son ji. In na shiga na fara, sai ya ɗauki jarida ya koma kujerarsa ta jikin bangon falo, ƙarƙashin ragar da ɗumi ke fitowa, wai gwiwarsa ba ta son sanyi. Bai taɓa zuwa inda nake kiɗa ba ko sau ɗaya, kuma bai sake kiran gogen da suna ba. "Wannan abin naki" yake cewa.

Ranar da na gama makarantar koyon kiɗa na kawo masa takardar shaida, ya duba ta gaba da baya, yana neman inda aka rubuta aikin da za a yi da ita. Sannan ya ce, "Shekara ɗaya na ba ki. In kin sami kujera ta dindindin a ƙungiyar makaɗan nan da kike faɗa, mai albashi da inshorar lafiya, na sa miki albarka. In ba ki samu ba, ki rufe akwatin nan ki tafi karatun haɗa magunguna, ba kuka ba gardama." Ya ɗauko fom ɗin makarantar famasi, wanda ya riga ya cike da hannunsa har da sunan kakana, ya manna a ƙofar firji da maganaɗisu. Sa hannuna kawai ya rage. Ni kuwa mai yawan buɗe firji ce, don haka sau goma a rana muke haɗa ido da fom ɗin nan.

Kafin in shiga labarin shekarar, ku san wadda ta mai da ni mutum a wannan sana'a. Madam Olga ce, wata tsohuwa 'yar gabashin Turai da na fara zuwa gidanta ina shekara goma sha huɗu. Na je ina taƙama na iya waƙoƙi goma sha biyu. Ta saurari rabin ɗaya ta ce in ajiye. Wata shida ba ta bar ni na kaɗa waƙa ba, sai tsirkiya ɗaya, jan baka daga gindi zuwa kai a gaban madubi, ita tana zaune da shayinta ba madara tana cewa "sake". Ita ta yanke min farce da kanta ranar jajiberin Sallah, ina kuka tana yankewa. A hannunta tabon nan ya fito min a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda gogen ke zama, wanda Umma, da yake nas ce, ta rantse makero ne ta yi wata uku tana shafa min man asibiti. A shekara tara da na yi da Madam, sau biyu na ji ta ce "ba laifi". Na farkon ma daga baya na gane da kyanwarta take.

Ku da kuke ganin itace ne da waya huɗu, bari ku ji. Tsirkiyoyin nan suna hawa kan wani ɗan siririn katako da muke ce wa jaki, wanda ba manne yake ba, matsinsu kawai ke riƙe shi. Bakan kuwa izgar doki ce, sai an goga mata ƙaro take kama tsirkiya, in ya yi kaɗan ta zame, in ya yi yawa ta yi gurnani. Iskar Washington ma ba ta raga wa goge: gumin watan Agusta ya kumbura shi, ɗumin cikin gida lokacin sanyi ya busar da shi har ya tsage. Wata rana na shiga ɗakin ƙurya na tarar da ɗan injin fesa tururi a kusurwa. Na je yi wa Baba godiya, ya ce ba don ni ba ne, fentin bango ne ke ɓarewa.

A farkon shekarar nan wata 'yar ziza ta ɓullo a gogena, siririya, amma in ka ji ta sau ɗaya ba ka ƙara jin komai sai ita. Na kai wa wani tsoho mai gyara a Alexandria. Ya kaɗa, tas. Na karɓa na kaɗa, ga ziza. Ya canza tsirkiya, ya gyara wa jaki zama, ya leƙa ciki da ɗan madubi irin na likitan haƙori. Zuwa uku muna haka, har bawan Allah ya fara zargin kunnensa. A zuwa na huɗu matarsa ta shigo kawo masa kofi, ta tsaya ta saurara, ta miƙo yatsa ta taɓa ƙarƙashin haɓata. Fil ɗin mayafina ne ke taɓa itacen. Tsohon ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar, in zan yi kiɗa, ɗankwalin auduga nake ɗaurawa ta baya, ba fil ba ɗan kunne.

Kafin kujera ta samu sai an ci abinci, don haka duk inda aka kira ni zuwa nake. Na yi bikin Turawa a wata gonar inabi a Virginia, rana na dukan tsakar ka, amarya ta makara, muka maimaita waƙar shigowarta sau goma sha ɗaya har kawun ango ya zo ya tambaye mu ko ita kaɗai muka iya. Na yi liyafar ma'aikata a Southwest, titi biyu daga ofishin Baba, inda kowa ke surutu ba mai saurare. Wani mai kwat ya gama cin kaza ya miƙo min farantinsa ina tsakiyar kiɗa. Na kuwa sauke baka na karɓa har da rusunawa, don babba ne ya miƙo abu, jikina ya riga tunanina. Ku riƙe wannan halin nawa, za mu dawo kansa.

Bikin Hajiya Memuna ya fi tsaya min a rai. 'Yar Kumasi ce mai shagon atamfa a Landover, za ta aurar da 'yarta, ta ce tana son irin na cikin fim, amarya na tafiya goge na kuka. Na sa baƙar riga, na tsaya, na lumshe ido na fara a hankali yadda Madam ta koya min. Ban kai layi na uku ba na ji an danna min abu a goshi. Na buɗe ido, ashe layin mata ne, liƙi ake yi min. Wata ta soka tata dalar a tsakanin izgar baka, wata ta rangaɗa guɗa a daidai kunnena na hagu. Hajiya ta matso ta ce, "Medaase, na gode, ɗiyata, ya yi daɗi. Amma gogen naki ba ya kiran suna ne? Ga Alhaji Issaka can tun daga Manassas ya zo, ki ɗan ambace shi mana." Na ce, "Hajiya, wannan ba ya magana." Ta dube shi da tausayi ta ce, "Allah sarki, bebe ne." Ban ji haushi ba ko kaɗan. A duk shekarar nan su kaɗai suka saurare ni da zuciya ɗaya.

Yanzu ku ji yadda ake samun kujerar. In wani a ƙungiya ya yi ritaya sai a yi shela, masu goge su taru daga ko'ina a kan kujera ɗaya. Kowa a ba shi guntayen kiɗa iri ɗaya ya je ya yi watanni yana maimaitawa. Ranar gwaji a ba ka lamba, sunanka ya tsaya a waje. Alƙalai suna zaune a bayan wani dogon labule baƙi, ba su ganinka ba ka ganinsu, don kada a ce an zaɓi ɗan wane ko an ƙi mace. Har kafet ake shimfiɗawa don kada takunka ya tona irin takalminka. Babbar doka kuwa ita ce ba a magana. In kana da tambaya, akwai mai rakiya a gefenka, ka raɗa mata a kunne ita ta faɗa. In muryarka ta fita, an gama da kai. Tsari ne mai kyau, ba don shi ba da irina ba ta shiga ba. Sai dai wanda ya tsara shi bai taɓa zama a gidan Baba ba.

A gidanmu, ɗakin da ka fita minti biyu da suka wuce, in za ka koma sai ka yi sallama. In ka manta, Baba ba ya faɗa. Cewa yake, "Koma ka shigo," sai ka koma ka sake shigowa kamar mutum. Na taɓa komawa sau uku da tiren shayi a hannu. Babba kuwa ba a gaishe shi a tsaye.

Gwajina na farko a wani gari ne a Pennsylvania. Wata huɗu ina shiri. Madam ta gaya min dokar, takardar gayyata ta faɗa, mai rakiya ta sake faɗa a bakin ƙofa, na gyaɗa kai. Aka buɗe, na taka kafet, ga labule. Sai wani a bayansa ya yi gyaran murya irin ta dattawa, sak ta Baba in ya idar da alwala. Wallahi ban san lokacin da gwiwata ta lanƙwashe ba. Sai ji na yi bakina yana cewa, "Salamu alaikum. Good morning, sirs." Labule na durƙusa wa, goge a hannu ɗaya, baka a ɗaya. Can wata murya ta ce, "Thank you." A wannan sana'a in aka ce maka haka, to ka tattara naka ya naka. Mai rakiya ta dafa kafaɗata ta juya ni zuwa ƙofa, ko tsirkiya ban taɓa ba.

Madam Olga da ta ji, ta ajiye kofin shayi ta yi ta zuba da yarensu, ni da kyanwa muna saurare. Baba kuwa ninke jarida ya yi ya ce, "Sun amsa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ko mutum ɗaya?"

"Korata suka yi."

Ya ce, "To ke kin fita, nauyin yana kansu." Ya buɗe jaridarsa. Na lura kwana biyu yana tafiya da wani ɗan alfahari, har ya kai labarin masallaci ranar Juma'a, wani likita ɗan Katsina ya aiko a gaishe ni, wai 'yar halak ce.

Ni dai ba dariya nake ba. A gwaji na biyu na shiga na datse leɓe da haƙori, ban ce uffan ba. Amma tun daga ƙofa har inda ake tsayawa ji nake kamar ɓarauniyar da ta hauro katanga, mutane na zaune na faɗo musu ba sallama. Hankalina duk ya koma kan bakina, hannu ya sami sake ya yi ta rawa, baka na tsalle a kan tsirkiya. Aka gode min. Na uku ma haka. A na huɗu na tsallake zagayen farko, a na biyu wani ya yi tari a bayan labule na rasa inda nake a takarda. A tsakanin nan wuyan hannuna ya kumbura na yi sati uku ban taɓa goge ba, tsohuwar motata ta mutu a kan babban titi da ni da baƙar rigata, fom ɗin firji kuma ya fara naɗewa ta gefe, Baba ya ƙara masa maganaɗisu na biyu. Na ji tsoro sosai a watannin nan, har abinci ya daina min ɗanɗano. Ba famasi nake tsoro ba, rufe akwatin nake tsoro.

Saura kwana tara shekara ta cika aka yi gwaji na ƙarshe, a nan gida Washington, kujera ɗaya a sahun goge na biyu. Da safe na fito zan bi jirgin ƙasa, na tarar da Baba a bakin ƙofa da makullin mota. Hutun aiki ya ɗauka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na kalli firji, fom ba ya nan, gefensa na leƙowa daga aljihun rigar Baba. Na ce a raina, to, yau ko gida ba za a bari in dawo ba, daga can sai gidan waya a aika fom ɗin.

Baba ya tuƙa mu har ya faka a ƙarƙashin ginin da za a yi gwajin. Ya kashe mota ya ce, "Su nawa ne a bayan labulen?"

Na ce, "An ce tara."

"Akwai mata?"

"Ban sani ba, Baba. Amfanin labulen ke nan."

Ya ce, "To, gaishe su."

Na tsaya ina kallonsa.

"Nan, yanzu. Ni ne wakilinsu. Fara da babban."

Na ɗauka wasa ne, amma Baba ba ya wasa da safe. Na ce, "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Na amsa wa na ɗaya."

"Ina kwana?"

"Lafiya lau, yarinya. Ya gida, ya su Injiniya? Madalla. Na biyu."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu ya yi masa murya mai kauri. Ta shida ya ce mace ce, ya tambaye ni ya Umma da aiki. Na bakwai ya ce wannan da ji mai girman kai ne, ya amsa ta hanci. Kafin mu kai na tara ina dariya hawaye na zuba, har mai gadin wurin fakin ya tsaya yana kallonmu.

Da muka gama ya ce, "Kin yi sallama, an amsa, ni ne shaida. An riga an ce ki shigo, takawa kawai ta rage."

Na ce, "Baba, ai na ɗauka so kake in faɗi."

Ya ce, "Famasi nake so, har gobe. Amma ba zan yarda ki yi shekara arba'in kina miƙa wa mutane magani kina cewa tarbiyyata ce ta kayar da ke ba. In za ki faɗi, ki faɗi da hannunki."

Na cire takalmi a bakin ƙofa duk da kafet, na shiga da safa. Labulen dai irin wancan ne, baƙi, dogo. Wani ya yi tari a bayansa, na ce a raina, na huɗu ne, mun gaisa. Na ɗora goge a kafaɗa, na ja numfashi, hannuna ya tsaya cak yadda yake tsayawa a ɗakin ƙurya. Lamba goma sha huɗu ce ni da safe. Aka tace, aka sake raba lamba, na zama ta uku da rana. Aka sake tacewa muka rage mu huɗu, na shiga ƙarshe bayan la'asar. Akwai wani wuri a guntu na biyu inda kiɗan ke hawa da sauri, tun ina shekara goma sha biyar nake arcewa da gudu in na zo shi, Madam ta yi faɗa har ta gaji. Ranar na taka shi ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyar manajan ƙungiya ya fito da takarda ya kira lambata. Kujerar ƙarshe ce a sahun ƙarshe, inda in mai ganga ya buga sai ka ji a haƙoranka, amma kujera ce ta dindindin.

Na sauka da gudu, na tarar da mota a kulle ba kowa. Ba a barin 'yan rakiya su hau sama, balle kusa da zauren gwaji. Mai gadin nan na safe ya yi murmushi ya nuna min wata ƙofar ƙarfe. Na bi matakala zuwa wani lungu mai bututu ta ko'ina. Ga Baba zaune a kan bokitin fenti da aka kife, hularsa a gwiwa, ƙarƙashin wata babbar ragar iska. Ina tsaye na ji ana jan kujeru a zauren sama, tar a kunnena.

Na yi sallama, ya amsa. Kafin in ƙara cewa komai ya ce, "Ke ce ta goma sha huɗu da safe. Ta uku da rana. Ta ƙarshe da yamma."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya min? Gini ne, duk abin da aka yi a sama bututu na kawo shi ƙasa. Wanda ya zana wannan ma bai iya aiki ba." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Mutum talatin da ɗaya na ji suna kaɗa abu ɗaya. Mai lamba tara ya fi ki ƙarfi. Amma wurin nan da kike gudu, yau ba ki yi gudu ba."

Sai a lokacin na tuna kujerarsa ta falo. Ragar da yake zama a ƙarƙashinta bututunta ɗaya da ta ɗakin ƙurya, kuma ko a watan Agusta, da take feso sanyi, a nan mai ciwon gwiwar yake zama. Ƙwararru tara aka sa wa labule don kada su gane ni, ba su kuwa gane ba. Mutumin da ya ce ba ya son ji ya tsamo ni cikin talatin da ɗaya, daga ƙarƙashin ƙasa. Na tsaya ina kuka a gaban bokitin fenti.

Ya ce, "Sun ɗauke ki, ko ba su da kunne?"

Na ce, "Sun ɗauke ni, Baba."

"Alhamdu lillahi. Share fuskarki mu hau in gaishe su da kaina. Tun safe na amsa gaisuwa da sunansu, ba su ma sani ba."

Ya kuwa hau. Ya bi su tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, musabaha da hannu biyu, yana tambayar iyali. Da ya zo kan na bakwai, wani siririn mutum da ya miƙo masa kan yatsu kawai, sai ya waiwayo ya kalle ni, wai ga shi nan, bai faɗa ba?

A mota ya zaro fom ɗin ya miƙo min. Na ɗauka sa hannu zai ce. Ya ce, "Juya." A baya ya jera lambobi daga ɗaya zuwa talatin da ɗaya, da ƙananan rubutunsa na injiniya. Gaban wasu ya rubuta "gudu", wasu "sanyi", wani "tsoro", na tara "ƙarfi".

Yau sama da shekara ashirin ke nan, na matso daga kujerar ƙarshe zuwa inda nake ganin fuskar mai sandar da ke jagorantarmu, ganga ta daina taɓa min haƙori. Takardar tana nan a akwatin gogena, ƙarƙashin ƙaro, gabanta har yau ba sa hannu. In yaran Asabar suka gan ta sukan tambayi abin da aka rubuta a gaban goma sha huɗu, don ba su iya karanta Hausa ba. Sai in ce su kwafa su kai wa iyayensu. Kalma ɗaya ce, Baba ya danna biro har ya huda takardar: tawa.